Darasin Juma'a: Wai Akwai Abin Da Babu Irinsa?

 

'Yan uwa, darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata 'yar rigima da aka kawo gaban Malam Liman makonni biyu da suka wuce, bayan sallar La'asar. Ba za mu ambaci suna ba, kuma masu maganar sun yarda a rubuta don jama'a su ƙaru. Ɗaya daga cikinsu rasuwa aka yi masa a gida, ya tashi cikin gaggawa ya bi motar dare zuwa Arewa. Kafin ya tafi ya bar wa maƙwabcinsa ajiyar abu biyu: buhu uku na farin wake, da rago guda, balami, wanda ya saya tun yana ƙarami, ya fi shekara yana ba shi dusa da harawa saboda layya. Tafiyar da ya ce ta kwana goma ce sai ta zama ta wata biyu. Shi kuma maƙwabcin kuɗin haya ya taso shi, mai gida ya matsa, sai ya yi lissafin da da yawa daga cikinmu mun taɓa yi a zuci: bari in sayar yanzu, kafin ya dawo na mayar masa. Ya sayar da waken. Ragon kuma ya sayar wa wani mai bikin suna, aka yanka aka cinye. Gaskiya bai yi niyyar cin kayan ba, don kafin mai kaya ya dawo ya je Bodija ya sayo buhu uku, ya je kara ya sayo wani ragon wanda ma ya ɗan fi wancan girma.

Mai kaya ya dawo. Wake dai ya kwance bakin buhu, ya zura hannu ya duba, bai ce komai ba. Da aka jawo ragon sai ya ce wannan ba nasa ba ne, ba ya so, nasa babu irinsa. Ɗayan ya ce haba Alhaji, rago ai rago ne, wannan ma ya fi naka nama. Daga nan murya ta fara tashi, har wani dattijo ya ce musu ku tafi masallaci tun ba ku tara mana mutanen gari ba.

Bayan Malam ya yi musu bayani sun tashi, sai wani matashi daga cikin masu ɗaukar karatun bayan Magariba ya yi tambaya. Ya ce, Allah gafarta Malam, wai shin akwai abin da babu irinsa a duniya? In akwai, ai waken nan ma ba shi ne aka bari ba, me ya sa ya karɓu? In kuma babu, me ya sa ragon bai karɓu ba? Malam ya yi murmushi ya ce wannan tambaya ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, sakatare ya rubuta amsar a takardar Juma'a. To ga abin da muka tattara daga bayaninsa, kuma ya duba kafin a buga.

Kalmar nan ta "babu irinsa" a bakinmu take kullum. Mai shadda ya ce babu irinta, mai goro ya ce huhun nan babu irinsa a Sabo, mai albasa ma haka. Amma in aka nutsu, magana biyu ce a cikin kalma ɗaya. Ta farko ita ce, wannan abu shi ne shi, wani ba zai zama shi ba komai kamanninsu. Ta biyu kuwa ita ce, babu wani abu da ya haɗa jinsi da shi, ko ya yi kama da shi ta kowace fuska. Rigimar 'yan uwan nan biyu ta taso ne don kowa ya riƙe ɗaya. Mai rago yana kan ta farko, maƙwabcinsa yana musun ta biyu, kuma kowa a cikinsu yana da gaskiya a inda ya tsaya.

Mu fara da ta farko. Ku ciro takardar naira dubu guda biyu sababbi daga aljihu, ku ɗora ɗaya a kan ɗaya. Hoto ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya. Amma ku duba lambar da ke jiki, kowace da tata. 'Yan uwanmu 'yan canji sun fi kowa sanin wannan. Ko da ma babu lambar, wannan tana hannun dama, waccan tana hagu, in wuta ta ci ɗaya ɗayar tana nan. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Sai yatsa. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, kusan duk mai asusun banki a cikinmu ya ɗora yatsunsa goma a kan na'ura. Wajen yin NIN ma haka, wajen zaɓe ma an dangwala, tun daga na'urar tantance kati ta 2015 har zuwa BVAS ta 2023. Duk wannan ɗawainiya an gina ta ne a kan abu ɗaya: har yau ba a samu mutum biyu masu zanen yatsa iri ɗaya sak ba. Zanen yana fitowa tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, kuma da shi zai tsufa. In wuƙa ta ɗan yanki fatar sama, idan ta warke zanen da ya tafi shi ne zai dawo. Turawa ba su daɗe da fara aiki da wannan ba. A 1858 wani jami'in mulkin Ingila a Indiya mai suna William Herschel ya sa wani ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takardar yarjejeniya don kada ya zo ya musa daga baya, sannan a 1892 Francis Galton ya fitar da littafi a kan zanen yatsu da yadda za a rarrabe su.

A nan bari mu ɗan ratse. Mun sha raka dattawanmu da 'yan dako da mahauta wajen dangwale, na'ura ta ƙi karɓar yatsansu, a ce su goge, su sake, su dawo gobe. Iyayenmu mata masu ƙunshi ma sun sha wannan wahala. Wani har ya fara tsoron ko wani abu aka yi masa. Babu abin da aka yi maka, Baba. Aiki ne ya cinye fatar, igiya da wuƙa da ɗaukar buhu suka shafe tudun zanen har na'ura ba ta iya karantawa. A yi haƙuri, a nemi a gwada sauran yatsun.

Masu wa'azi suna yawan kawo aya ta 3 da ta 4 a Suratul Ƙiyama a wannan wuri, inda Allah yake mayar da martani ga mai ganin ba za a iya tattara ƙasusuwansa ba bayan mutuwa, har aka ambaci kan yatsu. Malam ya ja hankalinmu cewa mu yi adalci wajen kawo ta. Malaman tafsiri na farko ba zanen yatsa suka fassara ba. Wasu sun ce ana nufin ƙananan ƙasusuwan yatsu, cewa wanda ya iya mayar da waɗannan ƙananan, manyan ba za su gagare shi ba. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ma'anar ita ce Allah yana da ikon haɗe yatsun su zama kamar kofaton raƙumi. Maganar zane malaman baya-bayan nan ne suka ƙara da ita bayan an gano abin. Ba ta ci karo da ayar ba, amma kada a tsaya a ce ita kaɗai ce ma'anarta.

Mu da muke zaune a jihar Oyo muna da wani misalin a kusa. Garin Igbo-Ora ya yi suna wajen haihuwar tagwaye, har biki suke yi musu. Su nasu Taiwo da Kehinde, mu namu Hassan da Usaini, wanda ya biyo baya su ce Idowu mu ce Gambo. Akwai tagwayen da malamin makaranta zai shekara bai rarrabe su ba, amma uwarsu daga cikin ɗaki za ta ji tari ta ce Usaini ne. Kuma a na'urar dangwale zanensu daban-daban ne, duk da ciki ɗaya suka kwanta. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Makiyayi kuma da shanu ɗari, duk farare bunaji, kai da ka zo saye kana ganin abu ɗaya ne, shi kuwa ya san kowace da sunanta da halinta, ya san wadda ke harbi da wadda ke bin baya.

To kun ga, in ta ma'anar farko ce, komai ma babu irinsa. Ko ƙwayar wake biyu in aka ƙura musu ido za a ga bambanci. Sai dai da shari'a ta bi wannan, da babu bashin da zai biyu a duniya. Wanda ya ranta maka dubu goma sai ya ce takardunsa na ranar nan yake so, masu lamba kaza. Wadda ta ara miki kwanon gero sai ta ce ƙwayoyinta take so, waɗanda kin riga kin yi fura da su. Saboda haka malaman fiƙihu suka raba dukiya gida biyu, kuma wannan rabon shi ne abin da kowane ɗan kasuwa ya kamata ya riƙe daga darasin yau.

Kashi na farko shi ne abin da ake biya da misalinsa. Shi ne duk abin da ake aunawa da mudu ko kongo, ko a ɗora a sikeli, ko a ƙirga alhali ɗaya bai fi ɗaya ba sosai, kamar ƙwai. Wake, gero, shinkafa, manja, gishiri, sukari, kuɗi, duk suna nan. Wanda ya lalata maka irin wannan ko ya cinye, irinsa zai kawo, nau'i ɗaya, kyau ɗaya, awo ɗaya. Farin wake a biya da farin wake, sabo da sabo. Ba a kawo wanda ƙwari suka huda a ce ai wake ne. Kuma ku lura da wannan, don a nan ake yawan faɗa: tashin farashi ko faɗuwarsa ba ya canza komai. Buhu uku ka ci, buhu uku za ka kawo, ko kuɗinsa ya ninka, ko ya karye. Shi ya sa waken Alhaji ya karɓu ba tare da magana ba.

Kashi na biyu shi ne abin da ake biya da ƙimarsa, wato kuɗin da ya kai. Shi ne abin da kowane ɗaya yake da nasa hali, har bambancin yana taɓa farashi: dabba, gida, riga ɗinkakkiya, babur da aka hau, wayar da aka yi amfani da ita. Rago biyu za su zo tsayi ɗaya, amma ɗaya kiwon gida ne ɗaya na jeji, ɗaya lafiyayye ɗaya yana ɓoye ciwo. Shi ya sa a kara ba a sayar da raguna da mudu, kowanne sai an taɓa shi an yi cinikinsa shi kaɗai. Wannan rabon yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da da yawanmu muka ɗauka a zaure. A cikinta kuma akwai mas'alar 'yan uwan nan kamar don su aka rubuta: wanda aka ba ajiyar kaya ya sayar ba da izini ba, mai kayan ne yake da zaɓi, ko ya karɓi kuɗin da aka sayar, ko ya karɓi ƙimar kayan ta ranar da aka yi ta'adin. Ba a tilasta masa karɓar wani ragon, ko da ya fi nasa girma. In ya ga dama ya karɓa don sulhu, wannan kuma ruwansa.

Kada wani ya ji wannan ya ce daga yau ya daina karɓar ajiya. Mai ajiya amintacce ne a shari'a. Da ragon nan ciwo ya kama shi ya mutu, ko ɓarawo ya haura ya kwance shi alhali an ɗaure shi inda ake ɗaure na gida, da babu abin da za a bi maƙwabcin. Abin da ya jawo masa biya shi ne sa hannu da ya yi a abin da ba a ba shi izini ba. Kyakkyawar niyyar mayarwa ba ta ɗauke wannan. Ga waya a hannun kowa, kira ɗaya ya isa: Alhaji na shiga matsi, ka yarda in sayar? Da ya yi haka da maganar ta zama rance, ko kyauta ma.

Akwai inda zamani ya taɓa wannan rabo. A da, akushi da tukunya da tabarma duk aikin hannu ne, ba a samun biyu daidai, shi ya sa malamanmu suka sa su cikin masu ƙima. Yanzu kuwa bokitin roba dubu daga inji ɗaya suke fitowa, kular abinci ma haka, sabuwar waya a kwalinta haka. Malamai da yawa na wannan zamani suna ganin irin waɗannan sun koma cikin masu misali, wanda ya fasa ya sayo irinta sak. Suna kuma kafa hujja da abin da Buhari ya ruwaito daga Anas, lokacin da ɗaya daga cikin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta aiko da abinci ɗakin wata, mai ɗakin kishi ya taso mata ta bugi hannun ɗan aiken, kwanon ya faɗi ya fashe. Annabi ya tattara abincin da kansa, sannan ya sa aka ɗauki lafiyayyen kwano daga ɗakin wadda ta fasa aka mayar wa mai kwano. Iyayenmu mata masu aron kula da faranti ranar biki, wannan taku ce. Abin da kuma ya rikice, kamar doya da ake ƙirgawa amma wata ta ninka wata, sai a koma ga mutanen sana'ar su faɗi yadda suka saba.

Sai mutum. Shi ba ya cikin kashi na farko, ba ya cikin na biyu. Shari'a ta sa diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000 ga mutanen zinariya, amma babu malamin da ya ce wannan farashin mutum ne. Sassauci ne ga waɗanda aka bari, da kashe wutar ramuwa. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 yana ranmu. Rumfunan da suka ƙone an sake kafa wasu, tumatir da albasa motoci sun ci gaba da saukewa, wanda ya rasa jari wani ya farfaɗo wani yana kan farfaɗowa. Amma waɗanda suka rasu, namu da na maƙwabtanmu Yarabawa, babu wanda aka je kasuwa aka sayo madadinsa. Duk matashin da yake jin jininsa na tafasa idan ƙaramar magana ta haɗa shi da ɗan gari, ya tuna da wannan kafin ya ɗaga hannu. Allah ya jiƙan musulmin da suka riga mu, ya kiyaye gaba.

Duk da haka, mutum yana da jinsi. Kai kaɗai ne mai zanen yatsanka, amma yatsa irin na kowa ne, ciki ɗaya ne da kai kamar kowa, an haife ka, za ka mutu. Wannan ya kawo mu ma'ana ta biyu, wadda ita ce ainihin tambayar matashin nan: akwai abin da ba shi da jinsi, ba shi da tamka ta kowace fuska?

Mun zauna da ɗaliban muka yi ta kawo misalai, Malam yana rushewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce rana, ai guda ce. Malam ya ce ku da kuka yi boko ku ne za ku gaya mana, aka ce masa haka ne, taurarin da muke gani da dare da yawansu irin rana ne, nisa ne ya ƙanƙanta su, wasu ma sun fi ta girma. Wani ya ce Ka'aba. Malam ya ce a darajarta a bayan ƙasa babu kamarta, amma ɗaki ce da aka gina da dutse, kuma hadisin Mi'iraji ya ambaci Baitul Ma'amur a sama ta bakwai, wanda mala'iku 70,000 suke shiga kullum, malaman tafsiri suka ce yana saitinta. Sai wani ya ce to Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka haifa babu uba. Nan Malam ya gyara zama. Ya ce wannan ita ce hujjar da aka taɓa kawo wa Annabi, kuma aya ta 59 a Suratu Ali Imrana ta amsa ta da kwatanta shi da Annabi Adamu, wanda shi ba uba ba uwa. Wato ko halittar da ta fi kowace ban mamaki, sai da aka nuna mata abokin kwatance. Shi kansa fiyayyen halitta, wanda babu annabi bayansa, Alƙur'ani ya umarce shi ya shaida wa mutane cewa shi mutum ne kamarsu, wahayi ne ya bambanta shi.

Aya ta 49 a Suratuz Zariyat ta nuna cewa halitta bibbiyu aka yi ta. Namiji da mace, dare da rana, zafi da sanyi, rai da mutuwa. Duk abin da aka halitta yana da abokin tsayuwa, ko kishiya, ko aƙalla yana haɗuwa da sauran halitta a abu ɗaya: da can babu shi, sannan aka samar da shi, kuma yana buƙatar wani abu don ya ci gaba da zama. Wanda ya fita daga wannan layi shi ne wanda ya yi layin. An ruwaito cewa mushirikan Makka sun nemi Annabi ya faɗa musu nasabar Ubangijinsa, kamar yadda Balarabe yake tambayar asalin kowa, ɗan wane ne, daga wace kabila. Sai Suratul Ikhlas ta sauka, sura ta 112, ayoyi huɗu kacal, ta rufe duk ƙofofin da ake bi a samo wa abu iri: ba ta sama ba, don ba shi da mahaifi, ba ta ƙasa ba, don ba shi da ɗa, ba ta gefe ba, don ba shi da tsara. Hadisi ingantacce ya ce tana daidai da sulusin Alƙur'ani.

A nan akwai abin lura game da kalmar "ɗaya". In muka ce rago ɗaya, ana iya samun na biyu, ɗayan nan farkon ƙirga ne. In muka ce buhu ɗaya, a cikinsa akwai mudu da yawa, ana iya kasa shi. Kaɗaitakar Allah ba irin wannan ba ce. Ba ɗaya ba ne da ake jiran na biyunsa, ba kuma tarin ɓangarori ba ne da aka harhaɗa. Wannan ce kalmar da Bilal yake maimaitawa lokacin da Umayya ɗan Khalaf ya kwantar da shi a zafin rana da dutse a ƙirji, kafin Sayyidina Abubakar ya saye shi ya 'yanta. Masallacinmu ya tara mutane daga wurare daban-daban. Akwai wanda ya yi karatun zaure ya haddace siffofi ashirin, a cikinsu akwai saɓa wa halittu da kaɗaitaka a zati da siffofi da ayyuka. Akwai wanda ya yi Islamiyya ya koyi rabe-raben tauhidi uku. A kan wannan gaɓa dai babu saɓani tsakaninmu, kuma mu a ganinmu ya kamata a riƙa faɗin haka da ƙarfi kamar yadda ake faɗin wuraren saɓanin.

Wani zai ce, ai Allah yana ji yana gani, mu ma muna ji muna gani, wannan ba kama ba ce? Aya ta 11 a Suratush Shura ta haɗa amsar a wuri ɗaya. Ta fara da kore masa kama da kowane abu, a nan take kuma ta tabbatar masa da ji da gani. Suna ne ya haɗu, haƙiƙa ba ta haɗu ba. Jinmu bango yana tare shi, tsufa yana rage shi, in mutum uku suka yi magana lokaci ɗaya sai mu ce ku yi ɗaya-ɗaya. Duk siffar da zuciya ta zana maka, daga abin da ido ya taɓa gani ta ɗauko ta, saboda haka halitta ce ka zana. Alƙur'ani kuma da aka ƙalubalanci mutane da aljanu su kawo irinsa suka kasa, ai don maganarsa ce, ba aikin wani mahaluki ba.

Yanzu mu dawo rumfa. In mai saye ya tsaya ka ce masa wallahi shaddar nan babu irinta a garin nan, alhali ka san dila ɗaya kuka fasa kai da maƙwabcinka, kuma rabin tana rumfarsa, me ka yi? Ka ɗauki sunan wanda shi kaɗai ne babu irinsa, ka jingina shi da ƙarya don ribar yadi biyar. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa kaya su tafi amma tana shafe albarkar cinikin. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Zarri mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, a cikinsu akwai mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya. A mazhabarmu irin wannan rantsuwa, wadda mutum ya san ƙarya yake yi, ba ta da kaffara. Ciyar da miskinai goma ba ya wanke ta, azumin kwana uku ba ya wanke ta, sai tuba, da mayar da abin da aka ci da ita. Yabon kaya ba laifi ba ne. Ka ce mai kyau ce, ka ce ba ta zuba, in ka san haka ne. Mun san bakin ya saba, mu ma da muke rubutun nan ba mu tsira ba, amma a gwada mako guda ba wallahi a ciniki a gani ko kasuwa za ta tsaya.

Game da 'yan uwan nan biyu, Malam ya sa aka kira dillalai biyu daga kara waɗanda suka san ragon tun yana raye, kowanne ya faɗi ƙimarsa ta ranar da aka sayar, ba tare da ya ji ta ɗayan ba. Maganarsu ta zo kusa da juna, kuma ta fi kuɗin da aka sayar da shi, don mai sayarwa cikin matsi ba ya jan ciniki. Alhaji ya zaɓi ƙima. Maƙwabcin ya mayar da ragon da ya sayo kara, ya kawo abin da ya samu, saura cikon da aka ba shi zuwa ƙarshen wata. Da za su tashi Alhaji ya ce shi ba naman ne ya dame shi ba, ƙaramin ɗansa ne yake ba ragon ruwa kullum kafin ya tafi makaranta, kuma tun da suka dawo yaron yake tambaya ina aka kai shi. Suna gaisawa yanzu, jiya ma sahu ɗaya suka yi sallar Isha'i, amma ba su koma cin tuwon dare a kwano ɗaya ba tukuna.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba hukuncin ba manomi kuɗi tun kafin girbi, wanda masu sayen albasa da wake suka nemi a yi bayaninsa. Mai tambaya ya rubuto ya ba ladan kafin ranar Laraba.